Masu son aikin labarai a talabijin: amsoshin tambayoyin da ɗaliban Zariya suka fi yi mini

Duk zuwan da zan yi gida Zariya, ko ɗaurin aure ne ya kawo ni Tudun Wada, da an shafa fatiha sai wani yaro ya ja ni gefe: "Malam, ni fa aikinku nake so." Wasu iyayensu ne ke turo su, wasu kuma saƙo suke aiko mini a waya da tsakar dare. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Na yi shekaru a ɗakin labarai, mafi yawansu a bayan kyamara, don haka daga can na hango abin da zan faɗa.

Malam, so nake in riƙa karanta labarai. Daga ina zan fara?

Ka fara da ɗauke idonka daga kujerar nan. Na san ita ce ke jan hankali: ga fitilu, ga babbar riga, a gan ka a kasuwa a nuna ka. Amma mai karanta labarai shi ne mutum na ƙarshe a dogon layi. Labaran da kake gani bayan magariba tun safe aka ɗora tukunyarsu. Editoci su zauna su raba aiki, wakili ya fita da mai ɗaukar hoto, su sha rana, su dawo wajen la'asar. Wakilin ya rubuta rahoto, edita ya tace, a naɗi murya, mai haɗa hoto ya jera hotuna a kan muryar, furodusa ya tsara wanne zai zo farko, wanne za a yar idan lokaci ya ƙure. Sai duk wannan ya kammala sannan a kunna wa mutum ɗaya fitila.

Galibin waɗanda ka ga sun daɗe a kujerar, daga wakilci suka taso. Wata rana na'urar da ke nuna masa rubutu za ta tsaya cak. Wata rana kuma furodusa zai raɗa masa a kunne cewa wani abu ya faru yanzun nan, ga kwamishina a waya, yi masa tambaya. Wanda bai taɓa bin labari da ƙafarsa ba, nan ido ke raina fata. Ka nemi zama wakili tukuna.

Dole ne sai na karanta aikin jarida a jami'a?

Ba dole ba ne. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editar jaridun Sunday Triumph da New Nigerian, kimiyyar siyasa ta fara karantawa a nan Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗakin labarai na matuƙar buƙatar wanda ya san wani fanni da gaske. Wanda ya karanta tsimi da tanadi shi zai gane inda aka ɓoye ɓarna a kasafin kuɗi. Wanda ya karanta lauya ba zai fito daga kotu ya ce an yanke hukunci alhali ɗage zama aka yi ba.

Amma karatun jaridar na da ranarsa. Yana koya maka ƙa'idojin aiki da dokokinsa, yana haɗa ka da abokai waɗanda gobe su ne za su kira ka idan gurbi ya samu, kuma gidajen gwamnati sukan nemi takardar a lokacin ɗaukar ma'aikata. In kana ajin ƙarshe na sakandare, ka buɗe kundin JAMB na shekarar da idonka ka ga darussan da kowace makaranta ke nema. Kada ka dogara da abin da yayanka ya gaya maka na zamaninsu.

Wace makaranta ce ta fi?

Kana zaune a garin da wasu ke baro jihohinsu su zo karatu. Akwai sashen koyar da aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, akwai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Jami'ar Bayero da ke Kano ta daɗe da yin suna a wannan fanni. Wanda kuma talabijin zalla yake so, ya bincika Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, wadda ke bayar da digirinta ƙarƙashin ita Jami'ar Ahmadu Bellon.

Ni dai abin da nake tambayar yaro ba sunan makarantar ba ne. Sau nawa ka taɓa kyamara kafin ka gama? Na ga masu sakamako mai daraja ta ɗaya da ba su iya kafa ƙafar kyamara ba, saboda ajinsu ya cika maƙil, kyamarar guda ɗaya ce, mabuɗin ɗakin kuma yana aljihun wani.

Manyan gidajen talabijin suna Kaduna da Kano da Abuja. Me zan iya yi ina Zariya?

Kusan komai. Wayar da ke hannunka ta fi kyamarar da muka fara aiki da ita fitar da hoto. Abin da ya rage labari ne, Zariya kuwa ba ta rasa shi. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, inda ake samar da sababbin irin shuka: ka je ka tambayi manomin Giwa ko Soba ko irin na isa gare shi, kuma nawa yake saye. Ga Asibitin Koyarwa a Shika. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da mutane ke wucewa kullum ba su san abin da ake yi a ciki ba. Ga ganuwar birni da ke zaizayewa, ga 'yan ga-ruwa da kurarsu a unguwannin da famfo ya daɗe da ƙafewa, ga masu ɗinkin hannu na cikin birni. Ga hawan sallah a ƙofar fada.

Ka ɗauki abu guda, ƙarami. Misali tsadar tumatir a kasuwar Sabon Gari. Ka je da sassafe lokacin da ake sauke kwanduna. Ka tambayi dillali nawa kwando yau, nawa ne makon jiya. Ka tambayi direban da ya kawo kayan nawa ya sha mai, shinge nawa ya wuce. Ka tsaya kusa da matar da ta taya kashi ɗaya, ta ji kuɗin, ta ajiye ta koma wajen busasshe. In ta yarda, ka ji ta bakinta. Ka haɗa duka a minti biyu. Wannan rahoto ne cikakke, ba ka jira takardar kowa ba. Ka yi irinsa ɗaya duk mako biyu, kafin shekara ta zagayo kana da fiye da ashirin. Goman farko ba za su kallu ba, kada ya dame ka, namu ma haka suka yi.

Kada kuma ka raina rediyo. Gidan rediyon jami'a ko wani na cikin gari, in sun ba ka ko da minti biyar ne, karɓa. Can ake koyon sarrafa murya da mutunta lokaci.

Mene ne kurakuran da masu ɗauka da waya suka fi yi?

Sauti, sauti, sauti. Mai kallo zai yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana ya tafi. Ka sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, kuma ka sa abin ji a kunnenka yayin da ake naɗa. Ni kaina na taɓa tafiya ƙauye mai nisa, muka yi hira ta kusan rabin sa'a da wani dattijon mai unguwa kan rikicin burtali. Ya yi magana mai daɗi, har da hawaye. Muka dawo ofis da yamma, aka kunna, sai bakinsa ke motsi shiru kamar kifi a ruwa. Batirin makirufo ne ya mutu tun a gaisuwa. Edita bai ce mini uffan ba, kallona kawai ya yi. Tun daga ranar ba na barin wuri sai na saurari abin da aka ɗauka.

Kada ka tsayar da mutum a ƙarƙashin gadar Kwangila ka ce za ka yi hira da shi, tirela ce za ta amsa maka. Ja shi lungu. Rana ta kasance a bayanka, tana haska fuskarsa. Ka kwantar da wayar in don talabijin kake yi, allon talabijin a kwance yake. Kada ka riƙa yawo da ita hagu da dama kamar mai neman ɓataccen akuya. Tsaya cak, ƙirga goma a zuci, sannan ka canja wuri. Kowane abu ka ɗauke shi daga nesa, daga tsaka-tsaki, sannan dab da shi: kasuwar gaba ɗaya, mai tumatir a rumfarsa, hannunsa yana ƙirga canji. Wajen haɗawa za ka gode wa kanka. Manhajar haɗa bidiyo ta CapCut ta isa a fara da ita a waya. In ka samu kwamfuta, ka koyi Adobe Premiere ko DaVinci Resolve, wanda yake da nau'in kyauta.

Da Hausa zan yi aiki ko da Turanci?

Da duka biyun, kuma kada ka ɗauka don an haife ka cikin Hausa ka iya Hausar labarai. A nan garin aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma tun wancan lokaci ake fama da abu ɗaya: yadda za a faɗi baƙon al'amari da Hausar da manomi zai gane ba tare da an ɓata ma'anar ba. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, talabijin ya fara aiki a Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasar nan ƙarƙashin NTA a 1977, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa bayan kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a 1992. Yau ga Arewa24, ga sassan Hausa na DW da RFI da TRT Afrika, kuma hatta waɗanda aka sani da rediyo yanzu bidiyo suke nema. Kasuwar mai Hausa ta faɗaɗa ƙwarai.

Sai dai yawancin takardun da za su zo hannunka da Turanci suke: sanarwar 'yan sanda, jawabin gwamna, hukuncin kotu. Za a miƙo maka shafi uku a ce minti goma ya rage. Wanda Turancinsa ya yi rauni zai fassara abin da ba a faɗa ba. Wanda Hausarsa ta yi rauni zai bi kalma-kalma ya fito da wata magana da ba Bahaushen da ya taɓa yin ta. Dabarar ita ce ka karanta, ka kife takardar, ka faɗa wa kanka abin da ya faru kamar kana ba kakarka labari, sannan ka buɗe ka duba sunaye da alƙaluma.

Ka kula da ƙugiyoyi. Baki daban, baƙi daban. Shi kansa baƙi, na launi ne ko waɗanda suka zo daga nesa? Fari na gona ne ko na alli? Rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka mai karatu ba ya shiga ɗakin watsa labarai sai ya bi rubutun da babbar murya tukuna. Haka ma laƙabi: Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarki, Mai Girma na gwamna. Ka kira hakimi dagaci sau ɗaya ka ga yadda waya za ta yi ta ruri.

An ce Hausarmu ta Zazzau ba ta shiga talabijin. Gaskiya ne?

Kanawa ne suka gaya maka ko? Ba laifi, wasa ne tsakaninmu. Amma akwai ƙamshin gaskiya. Mukan saki jinsi, mu ce "motan nan" ko "matana ne". A hira da abokai ba komai. A labarai daidaitacciyar Hausa ake bi, sai ka horar da bakinka ya ce "motar nan". Wata biyu na lura sun isa. Muryarka kuma ka bar ta yadda Allah ya yi ta, kada ka shaƙe ta don kwaikwayon wani na Landan.

Yaya rubutun talabijin ya bambanta da na jarida?

Mai karanta jarida zai iya komawa baya, mai kallo ba zai iya ba. Jimla ɗaya, magana ɗaya. Kada ka gaya masa abin da idonsa ke gani. In hoton ya nuna ruwa ya ci gida, ba sai ka ce ga ruwa ya ci gida ba: faɗi mutum nawa ke kwana a ciki, kuma ina za su kwana yau. Alƙaluma ka sassauta su, "kusan naira miliyan biyu" ya fi zama a kunne a kan ka jero su har kwabo. Ka guji maganganun da suka gaji, irin su "gwamnati ta sha alwashin ɗaukar matakan da suka dace". Waɗanne matakai? Yaushe? In ba a faɗa ba, ka ce ba a faɗa ba.

Lokacin horon sanin makamar aiki ya zo. Ya zan ci moriyarsa?

Kada ka nemi inda za a sa maka hannu a littafi kana gida. Ka je Kaduna, tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yan kai, ko Kano, ka lallaɓa wajen dangi. Ƙaramar tasha ta fi babba amfani ga ɗalibi, don hannu ya yi musu kaɗan, cikin mako biyu za su tura ka aiki. A babbar tasha kana iya ƙare wata shida kana sayo wa mutane abinci.

Ka riga kowa zuwa. Ka ɗauki ƙafar kyamara ba sai an ce maka ba. Ka yi abota da masu ɗaukar hoto da direbobi, sun fi kowa sanin gari da mutanensa. Kullum ka zo taron safe da shawarar labari guda, ko za a yi watsi da ita. Haka za ka yi a shekarar bautar ƙasa in Allah ya sa aka tura ka gidan watsa labarai.

Malam, ni mace ce. Babana na ganin aikin bai dace da ni ba.

'Yata, damuwar Baba ba ta banza ba ce. Yana tunanin dawowar dare, da tafiye-tafiye, da bakin mutane. Kada ki yi jayayya da shi, ki kawo masa hujja. Ki nuna masa matan Arewa da ke gabatar da labarai da lulluɓinsu cikin mutunci. Ki ambata masa Hajiya Bilkisu, ki ambata masa Kadaria Ahmed, wadda ta zaunar da 'yan takarar shugaban ƙasa ta yi musu tambayoyi gabanin zaɓen 2019. Ki samu wani babba da yake jin maganarsa, kawu ko malaminki, ya zauna da shi.

Akwai kuma abin da ke za ki iya wanda ni ba zan taɓa iyawa ba. Ni iyakata zaure. Ke za ki shiga har ɗaki, mai jego ta gaya miki yadda ta kwana uku tana naƙuda kafin a samu mota. Rabin labaran ƙasar nan suna cikin gida, kuma ba a cika jin su ba saboda masu kyamarar maza ne. Idan wani a wurin aiki ya nemi ya haɗa ci gabanki da wata buƙata tasa, kada ki yi shiru ke kaɗai. Ki adana saƙonnin, ki gaya wa wata babba da kika amince da ita.

Ana samun kuɗi?

Ba a farko ba. Albashin mai farawa ƙarami ne, a wasu wuraren ma yakan makara. Kafofin waje sun fi biya, amma gurabensu kaɗan ne, masu nema kuma ba iyaka. Wanda ya iya ɗauka, ya iya haɗawa, ya iya fassara, yakan samu 'yan ayyuka a gefe da ke rufa asiri.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ba a so a faɗa. Za ka je taro, a ƙarshe wani ya bi 'yan jarida da ambulan yana cewa ga kuɗin mota. Aljihunka wayam, ga haya na jira. Na san zafin. Amma wanda ya ba ka yau, gobe in labarinsa ya ɓaci zai kira ka, kuma za ka ji nauyinsa. Gari ƙarami ne, kowa ya san wane wakili ne ake saye, har da editocin da kake fatan wata rana su ɗauke ka.

Akwai haɗari? Me ya kamata in sani na doka?

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafofin watsa labarai sa ido kan gwamnati. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ka nemi takardu, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa. A ɗaya gefen akwai dokar ɓata suna, da dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka sha kama 'yan jarida da sashenta na 24 kafin a yi mata gyara a 2024. NBC ma na hukunta tasha: a 2022 ta ci tarar Trust TV naira miliyan biyar kan wani shiri game da 'yan bindiga.

A aikace, ga abin da zai tsare ka. Wanda aka kama "wanda ake zargi" ne har sai kotu ta yanke hukunci, ko da 'yan sanda sun jera shi gaban kyamara. In an zargi mutum, ka neme shi ya kare kansa, in ya ƙi ka faɗa cewa ka nema. Kada ka nuna fuskar ƙaramin yaro da aka ci zarafinsa, ko ta wadda aka yi wa fyaɗe, ko gawa. Labarin da ya shafi addini ko ƙabila, a jiha irin tamu, ka auna kowace kalma sau biyu. Bidiyon da aka turo maka a WhatsApp kuwa, kafin ka taɓa shi ka tabbatar da inda aka ɗauke shi da ranar, don sau da yawa tsoho ne ko na wata ƙasa. Kuma kai ɗalibi, ba ruwanka da shiga daji neman hira da kowa.

Ina da mabiya da yawa a TikTok. Zai taimaka?

Zai nuna ba ka tsoron kyamara, wannan ma wani abu ne. Amma mai ɗaukar aiki zai bi shafinka har ƙasa. In ya tarar kana zagin 'yan wata jam'iyya ko yaɗa abin da ba ka tabbatar ba, mabiyan ba za su cece ka ba. Ka share tun yau.

Na gama karatu. Me zan kai wa gidan talabijin?

Takardar bayanin kai shafi ɗaya, ba kuskuren rubutu ko ɗaya. Sai rahotanninka uku mafi kyau, kowanne bai wuce minti biyu ba, ka ɗora su a YouTube ka sa adireshin a takardar. Mafi ƙarfin ka sa shi farko, don edita ba zai wuce daƙiƙa talatin ba in bai ga abin kirki ba. Ɗaya ya zama da Hausa, ɗaya da Turanci in za ka iya, kuma a ɗaya a ga fuskarka kana bayani daga wurin da abin ya faru.

In an kira ka, ka kalli labaran tashar na mako guda kafin ranar. Za su iya miƙo maka sanarwa su ce mai da ita labari, ko su zaunar da kai gaban kyamara da rubutun da ba ka taɓa gani ba, cike da sunayen ƙasashe da na ministoci. Kusan tabbas za su tambaye ka wane labari za ka kawo musu gobe in sun ɗauke ka. Ka shiga da uku a aljihu, kuma aƙalla ɗaya ya zama daga Zariya, da sunan wanda za ka fara kira.